ASALIN KALMAR "PINDAKAAS" DA ABIN DA TAKE KOYA WA MAI NAZARIN HAUSA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bin diddigin kalma guda ɗaya ta harshen mutanen ƙasar Holan, wanda za a riƙa kira Holanci a nan, don a ga irin matakan da masana kan taka kafin su yanke cewa ga asalin kalma kaza. Kalmar kuwa ita ce "pindakaas". Abin da ake kira da wannan suna shi ne soyayyiyar gyaɗa wadda aka markaɗa ta yi lilis, aka ɗura a kwalba, ana shafawa a burodi.

Mai karatu yana iya tambaya ko me ya haɗa ɗalibin Hausa da harshen Holan, ƙasar da yawancinmu ba mu saba jin sunanta ba sai a bakin 'yan atamfa da masu kallon ƙwallo. Dalilai biyu ne. Na farko, kalmar harɗaɗɗiya ce, kuma ta faɗa cikin wani tarko wanda kalmomin Hausa ma kan faɗa ciki, watau mutane su dubi ɓangarorin kalma su ƙaga mata labari mai daɗin ji, labarin ya bazu har ya danne gaskiya. Na biyu, abin da kalmar take magana a kansa, watau gyaɗa, shi ne amfanin gonar da ya riƙe tattalin arzikin Gaya da Ajingi da sauran ƙasar Kano fiye da shekara 60. Da wannan dalili na biyu za a fara.

2.0 GYAƊARMU DA KAMFANONIN HOLAN

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga za su riƙa kwasa, sai manoma suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, kuma idan ciniki ya ƙi ana iya cin ta a gida. Ƙasa mai jigawa, irin ta Gaya da Kademi da Ajingi da Toranke da Balare, ta dace da ita ƙwarai. Da kaka akan ɗora buhuna a kan jakuna da raƙuma, daga baya kuma a manyan motoci, a bi ta Wudil zuwa Kano, inda ake jera su dala-dala suna jiran jirgi.

Attajirai irin su Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, su ne suke saya wa kamfanonin Turawa. Babba daga cikin kamfanonin shi ne Kamfanin Neja, wanda kamfanin Lever na Ingila ya saye a 1920, aka kuma haɗa shi da wani a 1929 ya zama U.A.C. A cikin wannan shekara ta 1929 ne Lever ya ƙulla haɗin gwiwa da Margarine Unie na ƙasar Holan, aka sami Unilever. A ƙarƙashin wannan inuwa akwai wata masana'antar matsar mai da ake kira Calvé a garin Delft, kuma ita ce ta fara kai pindakaas kantunan Holan a 1948. Ke nan a wancan zamani ubangida ɗaya ne a kan mai auna gyaɗa a Kano da mai markaɗa ta a Delft. Farin 1972 zuwa 1974 da annobar cutar gyaɗa ta 1975 su suka karya wannan ciniki, amma noman gyaɗa da matsar mai ba su bar ƙauyukanmu ba.

3.0 ƘIRAR KALMAR

Kalmar pindakaas ɓangare biyu gare ta: "pinda", watau gyaɗa, da "kaas", watau cuku. A nan sai mai karatu ya lura cewa cukun Holan ba irin fallen nan ba ne busasshe wanda Buzaye kan kawo daga Azbin. Ƙaton dunƙule ne mai nauyi wanda ake yankawa fale-fale da wuƙa, irin wanda garuruwan Gouda da Edam suka yi suna a kansa. Za a ga amfanin wannan bayani nan gaba.

Holanci da Hausa duk suna harɗa suna da suna, amma jerin nasu ya saɓa. Dubi waɗannan misalai:

(1) pinda + kaas = pindakaas, cukun gyaɗa
(2) boek + winkel = boekwinkel, kantin littafi
(3) stad + s + muur = stadsmuur, ganuwar birni

A Holanci jigon harɗaɗɗiyar kalma a ƙarshe yake zuwa, mai bayyana shi kuma a gaba. A Hausa jigo shi ne a gaba, sa'an nan mahaɗi -n ko -r, sa'an nan mai bayyanawa. Holanci ma yakan sa mahaɗi wani lokaci, kamar -s- ɗin da ke misali na (3), amma ba dole ba ne. A duk harsunan biyu, a irin wannan harɗi, jigon ne yake ba kalma jinsinta. Shi ya sa muke cewa "gidan waya ne" ko da yake waya tamata ce, muke kuma cewa "rigar ruwa ce" ko da yake ruwa namiji ne.

To, bisa wannan ƙa'ida, kamata ya yi pindakaas ya zama wani nau'in cuku. Amma babu ko ɗigon nono a cikinsa, ba shi da tauri, ba a kuma yanka shi. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin zakaran wuya ba ya cara, karen mota ba ya haushi, gidan sauro kuwa an yi shi ne don a hana sauro shiga. Rarraba kalma zuwa ɓangarorinta somin-taɓi ne kawai. Aikin da ya rage shi ne a gano dalilin da ya sa aka haɗa su.

4.0 ƁANGARE NA FARKO: PINDA

Asalin gyaɗa daga Amurka ta Kudu take, wajen kudancin Boliviya da arewacin Ajantina. Turawan Fotugal ne suka ɗauko ta daga Barazil suka kawo gaɓar tekun Afirka a ƙarni na 16. Mutanen ƙasar Kongo, masu magana da Kikongo, suka karɓe ta suna kiranta "mpinda".

A 1667 Holan ta karɓi ƙasar Surinam, da ke arewacin Amurka ta Kudu, daga hannun Ingila, ta cika ta da gonakin rake. Bayin da suka yi aikin gonakin an kwaso su ne daga gaɓar Luwango ta ƙasar Kongo, da gaɓar Dahome, da gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu, inda Holan ta riƙe sansanin Elmina daga 1637 zuwa 1872. A bakin waɗannan bayi wani sabon harshe ya tsiro, wanda ake kira Sranan, kuma a cikinsa sunan gyaɗa shi ne "pinda". Daga nan iyayengijinsu suka ɗauka, kalmar ta shiga Holancin Surinam, daga bisani ta ƙetare zuwa Holan.

Bambancin "mpinda" da "pinda" shi ne shafewar ɗan hancin da ke farkon kalma. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa. Harshen da ba ya fara kalma da baƙi biyu a jere yakan yar da ɗaya ko ya cusa wasali a tsakani. Haka Hausa ta yi da ta ari "ndottiijo" daga Fulatanci ta mai da shi "dattijo".

Holanci yana da nasa sunayen gyaɗa waɗanda ya ƙera da kayan gida, duk harɗaɗɗu: "aardnoot", ƙwayar ƙasa, "olienoot", ƙwayar mai, da "apenoot", ƙwayar biri. Amma a ƙarni na 20 pinda ta rinjaye su a bakin jama'a. Abin da ya taimaka mata har da 'yan ƙasar Sin ma'aikatan jirgin ruwa waɗanda suka rasa aiki a Rotterdam a shekarun 1930, suka shiga tallar alewar gyaɗa a tituna suna kiran wannan suna. Ashe ke nan tsiron ya baro Amurka zuwa Afirka, ya sami suna a Kongo, sunan ya koma Amurka a cikin jirgin bayi, sa'an nan ya zarce Turai.

5.0 ƁANGARE NA BIYU: KAAS

Ita kalmar "kaas" ba ta da wata gardama. Ararriya ce daga "caseus" ta Latin, kuma daga wannan tushe ne Jamusanci ya sami "Käse", harshen Fotugal ya sami "queijo". Inda gardama take shi ne dalilin da ya sa aka liƙa ta a jikin gyaɗa, alhali Ingilishi da Faransanci da Jamusancin yau duk sunan man shanu suka liƙa wa wannan abinci. Bayani iri biyu ake yi.

Bayani na farko shi ne wanda ya fi yawo a bakin mutane. Cewa ake yi da aka tashi sayar da abin a 1948, doka ta hana a kira wani abu "boter", watau man shanu, in ba daga nonon saniya aka kaɗe shi ba, don haka masu kamfani suka nemi mafita suka ce cuku. Wannan labari yana da ƙafar tsayawa, domin lalle Holan ta kafa dokar man shanu tun 1889 don ta hana a sayar wa mutane man itatuwa da sunan man shanu.

Bayani na biyu daga tsofaffin takardu ya fito. A 1783 wani ɗan mishan Bajamushe mai suna C. L. Schumann ya kammala ƙamus na Sranan da Jamusanci a Surinam. A ciki ya kawo wani abinci na bayi, wanda ake kira "pinda-dokun" da Sranan, ya fassara shi da "Pinda-Käse", watau cukun gyaɗa. Wannan abinci dakakkiyar gyaɗa ce da ake curawa ta zama dunƙule mai tauri, a riƙa yankawa fale-fale ana ci. Bature da ya ga ana yanka dunƙule da wuƙa, abin da ya zo masa a zuci shi ne cukun ƙasarsu. A ƙarni na 19 kalmar pindakaas ta bayyana a rubuce cikin Holancin Surinam da wannan ma'ana.

Ita ma "dokun" 'yar Afirka ce. Daga "dɔkono" ta harshen Akan take, watau tuwon masarar nan mai tsami da ake naɗewa a ganye a dafa, wanda Hausawan zango a Kumasi da Akara suke kira dokunu. Har a Jamaika akwai abinci mai wannan suna. Saboda haka tun asali "pinda-dokun" harɗi ne na Kikongo da Akan, harsuna biyu waɗanda cinikin bayi ya gama a gona ɗaya. Turawa sun riƙe ɓangaren farko, suka musanya na biyu da abin da suka sani.

Yaya za a yi alƙalanci tsakanin bayanan nan biyu? Ma'auni uku masana kan yi amfani da su:

(a) Shedar rubutu mafi tsufa. Yaushe aka fara ganin kalmar, a ina, da wace ma'ana?
(b) Sauti. Shin canjin da aka samu irin wanda harshen ya saba yi ne?
(c) Hanya. Shin akwai mutanen da suka yi cuɗanya har kalmar ta bi su?

Ma'auni na farko kaɗai ya isa ya raba gardama. Tsakanin 1783 da 1948 shekara 165 ne, kuma ƙamus ɗin Schumann ya girmi ita kanta dokar man shanu da shekara 106. Abin da ya zo daga baya ba ya zama sanadin abin da ya riga shi. Iyakar abin da za a ce shi ne doka ta toshe wa masu kamfani hanyar cewa "boter", sai suka sami tsohuwar kalma a ajiye suka ɗauka, ko da yake abin da suke ɗurawa a kwalba mai ruwa-ruwa ne, bai yi kama da cuku ba. Ma'auni na biyu da na uku su suka tabbatar mana da asalin "pinda" da "dokun", kamar yadda aka gani.

6.0 IRIN WANNAN A HAUSA

Idan aka waiwayo gida za a tarar Hausa cike take da irin waɗannan al'amura. Za a kawo kashi uku.

6.1 Suna saboda kama. Misalin da ya fi kusa da pindakaas shi ne awara. A Yarabanci "wara" nono ne, da kuma cukun da ake yi da madarar shanu, wadda ake sa wa ruwan ganyen tumfafiya ta daskare. Da noman waken suya ya yaɗu a Arewa, musamman daga shekarun 1980 zuwa 1990, mata suka koyi markaɗa shi su tace, su dafa, su zuba ruwan tsami ya kama jikinsa, su matse su yanka su soya. Abin ya yi kama da wara, sai ya gaji sunan. Yau yarinyar da ke tallar awara a tashar Gaya ba ta haɗa ta da saniya ko kaɗan. Haka kuma "madarar waken suya", da "daddawar batso" wadda ba da kalwa ake yi ba, da ƙwayar yakuwa ake yi. Har ila yau abin da muke kira "bota" a teburin mai shayi yawanci man itatuwa ne, watau ainihin abin da dokar Holan ta 1889 ta hana a kira da wannan suna.

6.2 Baƙo ya ƙwace sunan ɗan gida. Gujiya, wadda ake dafawa a ci da ɓawonta a hannu, tsiron Afirka ta Yamma ce, ta riga gyaɗa a ƙasar nan nesa ba kusa ba. A Kano kowace da sunanta: gyaɗa daban, gujiya ko gurjiya daban. Amma a Sakkwato da Maraɗi gyaɗa ake kira gujiya, ita kuwa ta asalin sai a ce ƙwaruru. Haka gwanda: ta daji ita ce 'yar gida, baƙuwar da ta zo daga Amurka aka fara ce mata gwandar Masar, da tafiya ta yi nisa ta zama "gwanda" kawai, mai sunan aka ƙara mata "daji". Daɗin daɗawa, abin da muke kira dankalin Hausa don mu bambanta shi da na Turawa, shi ma daga Amurka kakanninsa suka zo.

6.3 Suna mai nuna zangon ƙarshe. Masara daga Meziko take, amma sunanta Masar yake nunawa, domin ta fuskar gabas da arewa Bahaushe ya ga tana shigowa, ta hanyar alhazai da fatake. Wanda ya dogara da suna kaɗai zai rantse a bakin Kogin Nilu aka fara shuka ta. Haka ɗan Holan da ya gano pinda daga Kongo take zai iya zaton gyaɗa tsiron Kongo ce. Suna yakan riƙe labarin hannun da ya miƙo abu, ko da abin ya fito daga wata uwa duniya.

7.0 MATSALAR FASSARA

Wannan bincike yana da amfani ga mai fassara. A ce an ba ɗalibi takardar koyar da mata abincin yara, aka ambaci wannan abinci a ciki. Idan ya bi Ingilishi kalma da kalma zai ce "man gyaɗa", idan ya bi Holanci zai ce "cukun gyaɗa". Na biyun ba wanda zai gane shi. Na farkon ya fi haɗari, domin kowa zai ɗauka ya gane, alhali wani abu daban aka nufa. Uwar da aka ce ta sa wa yaro cokali biyu na man gyaɗa a kunu, mai za ta zuba, ta bar ainihin abin da ke gina jiki.

Duk macen da ke sana'ar ƙuliƙuli a Ajingi ta san matakan aikinta dalla-dalla. Za ta ɓare gyaɗa, ta soya, ta murje ta fece, ta kai inji a markaɗa ko ta daka a turmi. Sa'an nan ta riƙa juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso ta kwashe: wannan shi ne man gyaɗa. Abin da ya rage tunkuza ce, wadda ake sa wa miya ko a mulmula a soya ta zama ƙuliƙuli, wanda wasu ke kira ƙarago. Pindakaas yana tsakanin inji da matsa, watau gyaɗar da aka markaɗa ba a cire mata mai ba. Don haka "markaɗaɗɗiyar gyaɗa" ita ce fassarar da ba za ta ɓad da kowa ba. Mutanen Mali suna da kalma guda ta wannan, "tigadege", ita ma harɗaɗɗiya ce daga "tiga", gyaɗa, da "dege", abin da aka dama. Shi kuwa tsohon pinda-dokun na bayin Surinam, abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne dakuwa.

8.0 KAMMALAWA

An ga yadda kalma mai gaɓa uku ta ƙunshi Kikongo da Latin, ta ɓoye Akan a ƙarƙashinta, aka kuma ga yadda layi ɗaya a tsohon ƙamus ya rushe labarin da jama'a suka daɗe suna maimaitawa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya kamata ya zama a gaban duk ɗalibin da zai ce kalma kaza daga Larabci take, ko daga Barbarci, ko daga wani labari da aka ji a bakin wani tsoho.

Abin da ya ba masanan Holanci galaba shi ne ajiyar sheda. Babban ƙamus ɗinsu na tarihin kalmomi sun shafe fiye da shekara 130 suna bugawa kafin su kammala shi a 1998, kowace kalma da shekarar da aka gan ta da littafin da ta fito. Mu ma ba mu rasa tudun dafawa ba. Akwai ƙamus na Schön na 1876, da na Robinson na 1899, da na Mischlich na 1906, da na Bargery na 1934 wanda yakan nuna karin harshen da kalma ta fito, da na Abraham na 1949, ga kuma rubuce-rubucen ajami waɗanda suka girme su. Ɗalibin da zai yi maganar asalin kalma ya wajaba ya bi waɗannan a jere, daga tsoho zuwa sabo, ya ga lokacin da ma'ana ta juya.

Saura kuma aikin da ya rataya a wuyanmu. Schumann bai san cewa sunan abincin bayi da ya rubuta zai warware wata gardama bayan ƙarni biyu ba. Tsofaffin da suka ga zamanin dalar gyaɗa a Gaya da Ajingi suna ta ƙarewa, kuma a bakinsu akwai sunayen irin gyaɗa, da na ma'auni, da na kayan matsar mai, da kalmomin 'yan baranda da masu sikeli. Shawarar da ake ba 'yan'uwa ɗalibai ita ce duk wanda ya je hutu gida ya zauna da su, ya rubuta kalma yadda aka faɗe ta da karin sautinta, ya sa ma'anarta, da sunan garin, da shekarar da ya ji ta, ya kawo wa Sashe a adana. Allah ya sa mu dace, amin.